Wa Zai Yi Wa Sojan Tozai Fim?

Mai karatu, ka saba duk wata in ɗauko wani fim in feɗe maka shi har wutsiya, furodusa ya yi fushi da ni kwana biyu, mu haɗu a wurin biki mu gaisa, shi ke nan. To a wannan watan ka yi mini afuwa. Fim ɗin da zan yi magana a kansa ba a yi shi ba tukuna, kuma rashin yin sa ne ya sa na ɗauki alƙalami. Zan taɓa furodusoshi, zan taɓa marubuta, zan taɓa ka kai ma mai kallo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A hutun Babbar Sallah na je gida Tozai, can ƙasar Illela, kusa da iyakarmu da Nijar. Ina zaune a ɗakin kakata ina kallon wani fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa a waya, na sojan da aka kashe a bakin daga. Tsohuwa ta leƙo, ta ga kaki, ta yi shiru. Can sai ta ce, “Kai angona, su waɗanga an yi musu hoto mai motsi don sun mutu?” Na ce e. Ta tashi ta buɗe tsohuwar adakarta, ta zaro wani hoto da ya yi ja saboda daɗewa. Wani yaro ne siriri, hular soja ta yi wa kansa yawa, ya ƙame yana harara kamar wanda aka ce idan ya yi murmushi za a kore shi. Ta ce, “Wanga yayana ne. Gero na iyaka gwiwa yat tahi. Da munka yi girbi ba ya nan. Har yau ba ya nan.”

Ba zan faɗi sunansa ba, don gidanmu ba su ba ni izini ba. Ga dai rayuwarsa gaba ɗaya, kuma za ka ga ba ta cika shafi ba. An haife shi a Tozai, ya yi karatun allo, ya yi kiwon awaki, ya yi noma. Ranar Lahadi yakan bi babansa kasuwar Illela, wani lokaci su tsallaka Ƙonni. Ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne tafkin Kalmalo. A damunar 1967, yana da kamar shekara goma sha tara, labari ya zo ana ɗibar soja. Ya bi wasu samari zuwa Sakkwato, daga nan Zariya, inda aka ɗauki wannan hoto ya aiko da shi gida. Bai sake aiko da komai ba. Sai bayan an gama yaƙi wani abokin tafiyarsa daga ƙauyen maƙwabta ya dawo da ƙafa ɗaya, ya ce tare suka shiga jirgin ruwa a Asaba za a haye da su Anaca. Shi ya fita, yaronmu bai fita ba. Aka yi sadaka ba gawa, ba kabari. Mahaifiyarsa ta ci gaba da sa a gyara jinkar ɗakinsa duk shekara har ta koma ga Mahaliccinta, wai kada ya dawo ya tarar yana yoyo.

Ni ba farfesan tarihi ba ne, ’yar difloma ce gare ni. Amma da na koma na bi abin da aka rubuta, sai na tarar maganar mai ƙafa ɗaya ta zauna daidai. Ojukwu ya ayyana Biyafara a ranar 30 ga Mayu, 1967, kwana uku bayan Gowon ya raba ƙasa jiha goma sha biyu, Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa Maso Yamma. Aka fara harbi ranar 6 ga Yuli. Da farko gwamnati ta ɗauka aikin ’yan makonni ne. Sai a ranar 9 ga Agusta dakarun Biyafara suka tsallako Kogin Kwara suka mamaye yankin Binin, suka nausa har Ore, hanyar Legas. Hankali ya tashi. Cikin gaggawa aka harhaɗa Runduna ta Biyu a ƙarƙashin Murtala Muhammad, aka cika ta da duk wanda aka samu: tsofaffin soja, masu aikin ofis na bariki, da sabbin ɗauka waɗanda horonsu bai wuce ’yan makonni ba. Sojan Nijeriya da ba su fi kimanin 10,000 ba kafin yaƙi, sai da suka kai wajen 250,000 a ƙarshensa. Ka tambayi kanka, daga ina aka samo wannan ɗimbin mutane? Daga gonaki irin na Tozai aka samo da yawansu.

Rundunar ta ƙwace Binin a watan Satumba, ta isa Asaba a farkon Oktoba, ta tarar an karya gadar Kwara. Hedikwata a Legas ta so a zagaya ta Idah a haye inda babu abokan gaba. Kwamanda ya zaɓi a haye kai tsaye cikin jiragen ruwa. Sau uku ana gwadawa, sau uku ana komowa da asarar rayuka mai yawa, wasu harsashi ya ci su, wasu ruwa. Daga baya dai ta Idah ɗin aka bi, Anaca ba ta faɗi ba sai Maris 1968. A ƙarshen wannan watan kuma aka yi wa ayarin motocin rundunar kwanton ɓauna a Abagana, wuta ta kama tankar mai, kusan mota ɗari ta ƙone da mutanen cikinta. Yanzu ka rufe ido ka hango yaron da bai iya iyo ba, da takalmin soja mai nauyi, da bindiga, da jakar harsashi, a tsakiyar kogin da bai taɓa mafarkin akwai irinsa ba. Idan wannan bai isa labarin fim ba, don Allah me ya isa?

To ga tambayata ga ’yan industiri. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau, shekara talatin da ɗoriya ke nan muna zuba finafinai, dubbai a kan dubbai. Mun ga kishiya ta zuba wa kishiya guba ta kowace irin hanya. Mun ga ɗan mai kuɗi ya so ’yar talaka, mun ga ’yar mai kuɗi ta so direban gidansu. Mun ga rawa a gindin bishiya, rawa a bakin dam, rawa cikin ruwan famfo da aka ce mana ruwan sama ne. Yanzu an koma masu dogon zango a YouTube, zango goma ana rigimar gado ɗaya. Ka lissafo mini, mai karatu, fim nawa ka kalla wanda ya zaunar da kai ya ba ka labarin ɗan Arewa guda ɗaya da ya tafi yaƙin basasa? Idan soja ya fito a fim ɗinmu, to an kawo shi ne ya mari wani saboda budurwa, ko ya sa ɗan wasan barkwanci tsallen kwaɗo mu yi dariya. Iyakar sanin da kyamararmu ta yi wa kaki ke nan.

Dubi waɗanda muka yi yaƙin da su. Sun rubuta nasu, sun kuma kyauta wa kansu. Buchi Emecheta ta rubuta Destination Biafra a 1982. Chimamanda Adichie, wadda ba a ma haife ta ba sai bayan yaƙi da shekara bakwai, ta fitar da Half of a Yellow Sun a 2006, Biyi Bandele ya mai da shi fim a 2013. Chinua Achebe ya rufe da There Was a Country a 2012. Ken Saro-Wiwa, wanda ba Ibo ba ne, ya rubuta Sozaboy tun 1985, labarin wani yaro ɗan ƙauye da ya shiga soja bai san abin da ake yaƙi a kansa ba. Duk wanda ke Ingila ko Amurka yake son sanin yaƙin Nijeriya, waɗannan zai karanta. A cikin labarin da duniya ta riƙe, ɗan Arewa yakan fito ne a matsayin mai riƙe da adda ko bindiga, ba shi da uwa, ba shi da ƙanwa mai ajiye hotonsa a adaka. Sai mu zauna a majalisa muna gunaguni wai an ɓata mu. Wa ya hana mu magana? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma idan mai ɗaki ya yi gum, maƙwabci ne zai ba da labarin ɗakin.

Kada a ce Hausa ba ta taɓa waiwayar yaƙin ba. A lokacin da ake yin sa mawaƙan baka da marubuta waƙa sun yi aiki, Rediyon Kaduna yana watsawa, Gaskiya Ta Fi Kwabo tana bugawa. Amma waɗannan waƙoƙin ƙarfafa gwiwa ne, na zuga maza su shiga daga, an yi su don bukatar ranar. A zube kuma Bature Gagare ya taɓo ɓarnar da bindiga ta bari a hannun mutane cikin Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982. Bayan wannan sai muka ja bakinmu. Manyan hafsoshi sun sami tituna da barikoki da filin jirgin sama da hoto a jikin kuɗi. Kurtun da ya nutse bai sami ko allon suna a bakin kasuwar garinsu ba.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jin su a ofisoshin furodusoshi a Kano da Kaduna. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, wai babu kuɗi. Wai fim ɗin yaƙi sai da tankoki da jirage da bama-bamai. Wannan magana ce ta wanda ya ɗauka fim ɗin yaƙi shi ne fashe-fashe. Fim ɗin da nake nufi, kashi uku cikin huɗu a Tozai za a ɗauke shi: gona, rijiya, zaure, da rediyo guda ɗaya a ƙofar gidan mai gari inda ake taruwa da magariba a ji an ambaci garuruwan da ba wanda ya iya faɗar sunansu. Uwa tana bin duk motar da ta tsaya a Illela tana leƙa fuskokin masu sauka. Yarinyar da aka yi masa baiko da ita ana matsa mata ta auri wani, ita kuma ba ta san ko jira take yi ko takaba ba. Malamai suna kai-kawo a kan gadon wanda ba a ga gawarsa ba. Haye kogin kuwa, dare ne, kwalekwale ne, ƙara ce da duhu. Darakta mai basira zai ɗauke shi a Yawuri da fitila biyu. Kuɗin da ake kashewa wajen hayar gidan bene da jerin motoci a fim ɗin soyayya guda ya isa. Ai mun ga an yi Mai Martaba da dawaki da fada da ɗaruruwan mutane, har Nijeriya ta miƙa shi gasar Oscar a 2024. Ashe idan an so ana iyawa.

Ta biyu, wai masu kallo ba sa so. Wannan ita ta fi ba ni haushi. Su waye suka haddace Border na 1997, fim ɗin yaƙin Indiya da Pakistan? Su waye suka zubar da hawaye a kan Shershaah na 2021, labarin Kyaftin Vikram Batra da aka kashe a Kargil a 1999 yana ɗan shekara 24? Mu ne. Yaranmu sun san sunansa, sun san budurwarsa, sun san dutsen da ya mutu a kai. Ka tambayi yaran nan wane ne ya mutu a Abagana, za su ce maka a wace ƙasa take? Mai kallon da ya yi kukan sojan Indiya ba zai ƙi kukan ƙanen kakansa ba. Ba a ba shi ba ne kawai.

Ta uku, wai hukuma ba za ta bari ba. Gaskiya ne hukumar tace finafinai ta ƙasa ta riƙe Half of a Yellow Sun na wasu watanni a 2014 kafin ta sake shi. Amma ai ta sake shi. Izu Ojukwu ya yi fim ɗin ’76 a kan juyin mulkin da aka kashe Murtala, ya ɗauke shi a cikin bariki da haɗin kan soja, ya fito a 2016. Wanda bai rubuta labari ya kai ba, ba shi da bakin cewa an hana shi. Mun iya jayayya da hukumar tace finafinai ta Kano a kan tsawon rigar ’yar wasa, shekara da shekaru. Da ma a kan abu mai nauyi irin wannan muka taɓa yin jayayyar.

Ta huɗu ita ce mai ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba: wai tone-tone ne, zai fama tsohon miki. Dattawa da yawa haka suke gani, kuma suna da dalili, don sun ga abin da ba mu gani ba. Gowon ya ce ba wanda ya yi nasara, ba wanda aka ci, bayan Philip Effiong ya miƙa wuya a Barikin Dodan ranar 15 ga Janairu, 1970. Sai aka ɗauka shiru shi ne sulhu. Har darasin Tarihi aka cire daga ƙananan makarantu wajen 2009, ni kaina ina cikin waɗanda suka tashi a wannan giɓi, sai bayan kusan shekara goma aka fara maido shi. To shirun ya warkar? Shiga Facebook ko TikTok ka gani. Yaran da ba su san ƙarar harsashi ba, na Kudu da na Arewa, suna yi wa juna barazanar a sake gwabzawa, kamar wasan ƙwallo suke magana. Wanda ya ga uwa tana gyara jinkar ɗakin mamaci shekara ashirin ba zai yi wannan wargi ba. Mikin da aka rufe da tsumma ba a wanke ba, ruɓa yake yi.

Sai dai a nan zan juyo kanmu, kuma na san wasu za su ajiye mujallar. Idan za a yi fim ɗin nan don a wanke Arewa tas a shafa wa wasu baƙi, gara kada a yi. Mu muna fara labari daga 15 ga Janairu, 1966, daren da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Birgediya Maimalari da sauransu, kuma ciwo ne na gaske. Amma a wannan shekarar, a Mayu da kuma Satumba zuwa Oktoba, an kashe dubban ’yan ƙabilar Ibo a garuruwanmu, mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, masu shago da ma’aikatan jirgin ƙasa da ’ya’yansu. A Asaba, ranar 7 ga Oktoba, 1967, sojojin tarayya sun tara maza da samari fararen hula suka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu. Rundunar da yaronmu yake ciki ce, a garin da ya shiga jirgi, a makon da ya shiga. Yunwar da toshe hanyoyi ta haifar ta kashe yara ba adadi. Mafi yawan ƙiyasi na cewa mutanen da yaƙin ya ci sun haura miliyan ɗaya, akasarinsu ba soja ba.

Na kwana ina juya wannan a raina da hoton a hannuna. Yana wurin? Ya gani? Ya ɗaga bindiga ko ya sunkuyar da kai? Kakata ba ta taɓa jin wannan ɓangaren ba, ni kuma ban iya gaya mata ba. Amma fim na gaskiya dole ya tsaya a wannan wurin, ya bar mai kallo da tambayar. Yaron da aka raba da garma aka ba shi bindiga bayan ’yan makonni, aka gaya masa waɗancan su suka kashe Sardauna, me ya zama kafin ruwa ya ci shi? Wa ya mai da shi haka? A Asaba ma akwai wata tsohuwa mai hoton yayanta a cikin akwati. Darakta da ya iya haɗa tsofaffin nan biyu a fim ɗaya, ko da ba su taɓa haɗuwa ba, ya yi wa ƙasar nan aikin da taron sulhu na Aburi da na Kampala da na Yamai ba su yi ba.

Kada kuma ka ce fim ba ya canza komai. Sembene Usman na Senegal ya yi Camp de Thiaroye a 1988, a kan sojojin Afirka da Faransa ta harbe a 1944 don sun nemi haƙƙinsu, ya hana a binne maganar. A 2006 fim ɗin Indigènes ya sa gwamnatin Jacques Chirac ta ɗaga fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka. Mu kuwa duk 15 ga Janairu manya su sa furanni a kabarin sojan da ba a san sunansa ba a Abuja, a saki tattabaru, a watse. Mu a gidanmu mun san sunansa. A gidaje da yawa daga Illela zuwa Gwadabawa, daga Argungu zuwa Azare, an san sunayensu.

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne lokaci. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara ashirin a 1967 yanzu yana dab da tamanin. Kullum ana binne su da labarinsu. Mai ƙafa ɗaya da ya kawo mana saƙo ya rasu tun ina firamare, ba wanda ya ɗauki muryarsa. Kuma ɗibar ba ta tsaya ba: yau ma samari suna barin ƙauyukanmu zuwa Zariya, ana kai su dajin Borno da Zamfara da gabashin Sakkwato. An kashe Laftanar-Kanar Muhammad Abu Ali a Malam Fatori a Nuwamba 2016, shi an san shi don hafsa ne kuma gwarzo. Kurata nawa suka faɗi a irin wannan daji waɗanda sai uwayensu kaɗai ke ambatonsu? Idan ba mu iya ba da labarin na 1967 ba, haka na yau za su bi su.

Don haka ga roƙona. Marubuci, kafin ka sake ƙirƙiro wani Alhaji mai mata huɗu, ɗauki wayarka ka je ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji na garinku, ka zauna ka danna rikoda. Furodusa, ware kuɗin waƙa biyu ka biya wanda zai yi bincike. Kai kuma mai karatu, idan ka je gida, tambayi tsohuwar gidanku ko akwai wanda ya tafi bai dawo ba. Za ka yi mamakin abin da ke ƙasan adaka.

Da zan taho, kakata ta mai da hoton cikin tsummansa, ta ce, “In an yi hoton mai motsi, a sa shi yana dariya. Shi mai dariya ne, sojan ne sunka hana shi.” Na ce to, Inna. Na yi alkawarin da ba ni da kyamarar cika shi, shi ya sa na kawo ƙara gare ku. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan duk wanda wannan yaƙi ya ci ta kowane ɓangare, Ya kuma hana mu ganin irinsa. Wanda ke da ja, shafin wasiƙu a buɗe yake. Sai wata mai zuwa, idan rai ya kai.